Katalog ɗaya ga ɗakunan karatun Kano: me ake nufi, kuma ina gizo ke saƙar?

Duk lokacin da maganar haɗa katalog ɗin ɗakunan karatu a intanet ta taso a tsakanin malamai da ɗalibai a Kano, sai ka ji fahimta ta rabu. Wani yana ɗauka za a zuba littattafan ne baki ɗaya a waya, kowa ya karanta daga gida. Wani yana ganin za a narkar da laburaren jami'a da na gwamnatin jiha su koma ƙarƙashin hukuma ɗaya. Wani kuma ya riga ya ƙudurta cewa da zarar an haɗa, mai katin Laburaren Murtala Muhammad zai shiga Jami'ar Bayero ya ɗauki littafi ya tafi da shi gida. Katalog na haɗaka ba ya tabbatar da ko ɗaya daga cikin waɗannan da kansa. Aikinsa shi ne ya gaya wa mai nema cewa littafi kaza yana nan, a laburare kaza, a kanta kaza, kuma yanzu haka yana wurin ko yana hannun wani.

Maganar ta dace da Kano ne saboda ɗakunan karatun birnin suna da yawa, amma kowanne da ubangidansa. Laburaren Murtala Muhammad da ke titin Ahmadu Bello yana ƙarƙashin Hukumar Ɗakunan Karatu ta Jihar Kano. Jami'ar Bayero ta tarayya ce, tana da laburare a tsohon matsuguni da sabo, ga Gidan Mambayya a Gwammaja. Ga jami'ar jiha da ke cikin birni, ga makarantar horar da malamai ta Sa'adatu Rimi a Kumbotso, ga Kwalejin Shari'a da Nazarin Addinin Musulunci ta Aminu Kano, ga makarantun Kano Poly. Idan babu wurin dubawa guda ɗaya, ɗalibin da ke neman littafi sai dai ya hau adaidaita sahu ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ko ya dogara da wani da ya sani a ciki.

Bayanai uku da ake cakuɗawa

Katalog jeri ne na abin da laburare ya mallaka, an tsara shi yadda za a iya nemo abu ta sunan marubuci, ko sunan littafi, ko fannin da ya shafa. A cikinsa akwai bayanai hawa uku, kuma yawancin rikicin katalog na haɗaka daga cakuɗa su yake tasowa.

Na farko bayanin littafin kansa ne: sunansa, marubucinsa, maɗaba'a, gari, shekara, bugu na nawa, yawan shafuka. Wannan ba ya canzawa ko littafin yana Kumbotso ko yana Gwammaja. Na biyu bayanin mallaka ne, wato wane laburare ke da shi da lambar kantar da ya ba shi. Na uku bayanin kowane kwafi ne a karan kansa: lambar da aka manna masa, ko ana ba da aronsa, ko ya yage, ko ya ɓace, ko yana hannun wani sai ranar kaza. A katalog na haɗaka mai lafiya, bayanin farko guda ɗaya ne tak ga kowane bugu na littafi, sai kowane laburare ya rataya nasa bayanin mallaka da na kwafi a ƙarƙashinsa.

Ma'ajiyar intanet, inda ake ɗora cikakken rubutu a karanta, wani abu ne daban. Katalog yana iya nuna hanyar zuwa can idan akwai izini, amma ɗaukar hoton littafin da haƙƙinsa ke hannun marubuci a baza shi magana ce da ke ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, ba shawarar da ma'aikacin katalog zai yanke ba.

Yadda aka zo nan

Waɗanda suka yi karatu kafin zuwan kwamfuta sun san akwatunan kati masu aljihuna, inda kowane littafi ke da kati a ƙarƙashin sunan marubuci, wani a ƙarƙashin sunan littafi, wani a ƙarƙashin fanni. A shekarun 1960 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya ƙirƙiro tsarin MARC, wanda ya ba kowane ɓangare na katin gurbi mai lamba: 100 ga marubuci, 245 ga sunan littafi, 650 ga fanni. Da wannan ne kwamfutar wani laburare ta iya karanta bayanin da wani ya rubuta. A 1967 kwalejojin jihar Ohayo suka kafa OCLC, cibiyar raba aikin katalog a tsakaninsu, don su daina maimaita aiki ɗaya, kuma daga nan WorldCat, katalog na haɗaka na ɗakunan karatun duniya, ya samo asali. Afirka ta Kudu ta kafa SABINET a 1983 a kan irin wannan tunani. Dalilin farko na haɗakar ba jin daɗin mai karatu ba ne kaɗai. Rage wahalar ma'aikaci ne, domin idan mutum ɗaya ya siffanta littafi da kyau, saura sai su kwafa.

A Najeriya, dokar 1970 ta ɗora wa Laburaren Ƙasa alhakin tattara abin da aka buga a ƙasar. Mai buga littafi na ƙashin kansa zai ajiye kwafi 3, gwamnatin jiha 10, gwamnatin tarayya 25. Shi ne kuma ke ba da lambar ISBN, wato lambar shaida da ake bai wa kowane bugu na littafi. Da ana cika wannan doka, da Laburaren Ƙasa ya zama maɓuɓɓugar da kowa zai kwafo bayanin littafin Najeriya. Amma littattafai masu yawa, musamman na harsunan gida, ba sa isa can.

Shigar kwamfuta ta zo a rarrabe. A shekarun 1990 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta samar wa jami'o'in tarayya manhajar TINLIB. Wasu wuraren sun yi amfani da CDS/ISIS ta UNESCO, wasu suka sayi manhajojin kamfanoni, da kuɗin sabunta lasisi ya gagara sai aka koma wata. A kowace ƙaura ana asarar wani abu: haruffa su lalace, ko bayanin kwafi ya rabu da bayanin littafi. Daga baya Koha, manhajar kyauta da aka fara a Niyu Zilan a ƙarshen 1999, ta samu karɓuwa a jami'o'in Najeriya da yawa. Sai dai manhaja iri ɗaya ba ta nufin katalog ɗaya, tunda kowa ya girka tasa, ya cika ta yadda ya ga dama.

Akwai kuma bambancin aljihu, wanda shi ne ya fi komai bayyana giɓin da ke tsakanin ɓangarorin biyu, wato laburaren manyan makarantu da na jama'a. Asusun TETFund, bisa dokarsa ta 2011, yana tallafa wa jami'o'i da kwalejojin fasaha da na ilimi mallakar gwamnati, kuma bunƙasa laburare na cikin abin da yake ba da kuɗi a kai. Laburaren jama'a ba ya cikin wannan rukuni. Kasafin jiha yake jira. Saboda haka idan aka zauna teburin haɗaka, ɓangare ɗaya yakan zo da kwamfutoci da ma'aikatan da suka saba da MARC, ɗayan kuma yana iya zuwa da wani sashe na kayansa har yanzu a kati ko a littafin rajista.

Littafi ɗaya, shigarwa biyar

Matsalar farko da ke fitowa ranar da aka zuba bayanan ɗakunan karatu da yawa wuri ɗaya ita ce maimaici. Mai nema ya rubuta sunan littafi, sai ya ga ya fito sau biyar, kowanne da ɗan bambanci, bai san ko bugu biyar ne ko kuwa littafi ɗaya ne mutum biyar suka shigar. Manhaja tana haɗe irin waɗannan ta hanyar kwatanta ISBN, ko kwatanta suna da marubuci da shekara. Ga littafin kimiyya da aka buga a Ingila wannan yana aiki salin-alin. Ga kayan da Kano ta fi kowa arziki da su, a nan ne yake sarewa.

Ɗauki littattafan hikaya na Hausa da suka bunƙasa a birnin tun daga tsakiyar shekarun 1980, waɗanda masana ke kira adabin kasuwar Kano. Mafi yawansu marubutan ne suka buga da kuɗinsu. Da yawa ba su da ISBN, wasu ba shekara, wasu kuma sunan wurin ɗab'i ne kawai a bayan bango. Labari ɗaya yakan fito kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku. Wani ma'aikacin zai shigar da su a matsayin littafi ɗaya mai juzu'i uku, wani zai ba kowanne shigarwarsa. Duka hanyoyin biyu suna da gurbi a ƙa'idar aiki, amma idan ba a zaɓi ɗaya ba, katalog ba zai taɓa nuna cewa na ɗaya da na biyu suna laburaren jiha, na uku yana jami'a ba. Ko inda akwai ISBN ma ba a tsira ba: ana samun mai buga littafi ya maimaita lamba ɗaya a littattafai daban-daban, sai manhaja ta haɗe abin da bai kamata a haɗe ba. Wannan kuskure ya fi maimaici illa, domin yana ɓatar da littafi ɗungurungum daga idon mai nema.

Littattafan Larabci da ake kawowa daga Alƙahira da Beirut suna da nasu ƙalubalen. Wasu shekarar Hijira kaɗai ke jikinsu. Shekarar 1400 ta Hijira ta fara ne a Nuwamban 1979 ta ƙare a 1980; wani zai rubuta 1979, wani 1980, wani ya bar 1400, kuma a idon manhaja bugu uku ke nan. Haka jaridu da mujallu: cewa laburare yana da Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, ba ya amfanar mai bincike sai an faɗi daga wace shekara zuwa wace, da inda aka samu giɓi.

Ma'aikata sun kasu biyu a kan maganin. Wasu na ganin a bar manhaja ta haɗe duk abin da ya yi kama, a gyara kuskure idan an kawo ƙorafi, domin ba a da hannayen da za su duba dubban shigarwa ɗaya-ɗaya. Wasu na ganin a taƙaita haɗewar manhaja ga abin da lambarsa da sunansa da shekararsa suka dace duka, sauran a bar wa mutum. Matsayin da ya fi dacewa da kayan Kano shi ne a raba: littattafan waje a bar wa manhaja, na Hausa da Larabci a ba ƙaramin kwamiti na waɗanda suka san su.

Haruffa masu lanƙwasa, Larabci da ajami

Mutumin da ke rubutu a waya sau da yawa ba ya sa ƙ, ɗ, ɓ. Ma'aikacin da ya shigar da littafi shekarun baya, lokacin da manhajarsa ba ta san waɗannan haruffa ba, wataƙila ya rubuta k zalla, ko ya sa mata waƙafi a gefe. Wanda ya shigar bana ya sa ƙ. Idan katalog ya ɗauki waɗannan a matsayin haruffa mabambanta, mai neman littafi a kan waƙa zai samu kashi ɗaya ya rasa biyu, kuma ba zai san ya rasa ba. Gyaran hawa biyu ne. A wajen ajiya, a rubuta sunan littafi daidai yadda yake a jikinsa, da Unicode, tsarin haruffan kwamfuta na bai-ɗaya. A wajen nema kuwa, a saita injin binciken ya ɗauki ƙ da k, ɗ da d, ɓ da b a matsayin abu ɗaya. Wannan saiti ba a ɗauka yana nan. A Unicode waɗannan haruffa ne masu zaman kansu, ba harafi da ɗigon da za a cire ba, don haka sai an gwada an gani. Haka ma 'y da ake rubutawa a Najeriya da ƴ da ake rubutawa a Nijar, ga littattafan da suka tsallako daga Damagaram ko Yamai.

A Larabci al'adar da aka gada daga manyan ɗakunan karatu na Turai da Amurka ita ce a mayar da sunan littafi zuwa haruffan boko bisa wani tsari mai ɗige-ɗige. Wannan ya taimaki mai kati da keken rubutu, amma ɗalibin Kwalejin Aminu Kano da ya san littafinsa da Larabci ba zai yi tunanin nemansa da boko ba, kuma ko ya yi, rubutunsa ba zai dace da na tsarin ba. MARC yana da gurbi na 880 da aka tanada don a sa rubutun asali kusa da na boko. Cika shi aiki ne ninki biyu, kuma sai wanda ya iya Larabci, shi ya sa ake yawan tsallake shi. Masu goyon bayan tsallakewar suna cewa gara a gama shigar da komai ko da a taƙaice. Masu adawa suna cewa shigarwar da mai buƙatarta ba zai iya nemowa ba, ba a gama ta ba. A birnin da karatun zaure da na Islamiyya suke da irin wannan tushe, hujja ta biyun tana da nauyi.

Ajami ya ƙara wani mataki, tunda harshen Hausa ne, haruffan na Larabci. Idan ba a nuna harshe da rubutu kowanne a gurbinsa ba, waƙoƙin wa'azi na ajami da jaridar Alfijir da kamfanin Triumph ya riƙa bugawa a Kano za su nutse cikin kayan Larabci. Rubuce-rubucen hannu kuwa ba su da maɗaba'a ko bugu; ana gane su ne ta farkon matani da ƙarshensa, da sunan wanda ya kwafa, da irin hannun rubutun. Ba laifi a shigar da su katalog ɗaya da sauran, amma da fom ɗinsu daban.

Wane ne marubucin?

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana fitowa a littattafai da sunaye da dama: Usman dan Fodio, Uthman ibn Fudi, Usmanu ɗan Fodiyo, ga kuma rubutun Larabci. Abin da ma'aikata ke yi shi ne su buɗe rajistar sunaye, su zaɓi siga ɗaya a matsayin tsayayya, su ɗaure sauran a jikinta, ta yadda duk wadda aka nema za ta kai ga mutum ɗaya. Ga shahararru irin Shehu ana iya kwafowa daga rajistar duniya ta VIAF. Ga marubutan Kano na wannan zamani, dole a gina a gida.

Ƙa'idar da aka gada tana ɗaukar kalmar ƙarshe a matsayin sunan dangi ta sa ta a gaba. A sunayen Hausawa kalmar ƙarshe sau da yawa gari ce ko unguwa, Gwarzo ko Fagge ko Yakasai, wani lokaci sunan uba ne. Muhammad yana zuwa da rubutu iri-iri, Abubakar yana iya zama Garba ko Habu. Marubuciya tana iya fara bugawa da sunan mahaifi ta koma na miji, ko ta yi amfani da laƙabi. Alhaji da Malam da Hajiya kan shiga gurbin suna a wata shigarwar su fita a wata. Hukumomi ma suna canza suna: Kwalejin Abdullahi Bayero ta zama cikakkiyar Jami'ar Bayero a 1977, Jami'ar Northwest ta koma Yusuf Maitama Sule a 2017, ta Wudil ta ɗauki sunan Aliko Ɗangote a 2022. Kundin digirin da aka rubuta kafin canjin da wanda aka rubuta bayansa sai rajista ta haɗa su. Wannan rajista ita ce aikin da babu laburare ɗaya da zai iya shi kaɗai, kuma ita ce gudummawar da haɗakar Kano za ta iya bai wa sauran ƙasar Hausa.

Lambar kantar littafi ba matsala ba ce

Mafi yawan jami'o'in Najeriya suna jera littattafai da tsarin Laburaren Majalisar Amurka, ɗakunan karatun jama'a kuma sun fi bin tsarin Dewey. Littafin addinin Musulunci yana BP a can, yana 297 a nan. Tarihin Najeriya DT515 ne a can, 966.9 a nan. Ana yawan zaton sai ɗaya ya bar tsarinsa, alhali lambar kantar littafi tana cikin bayanin mallaka ne, kowa ya riƙe tasa. Inda ake buƙatar yarjejeniya shi ne kalmomin fanni. Na jami'a da Ingilishi suke, mai sana'ar da ya shigo neman littafin kiwon kaji kuwa da Hausa zai nema. Ƙara kalmomin fanni na Hausa kusa da na Ingilishi ba ya ɓata komai, in dai an tsayar da jeri ɗaya da kowa zai ɗiba daga ciki.

Hanyoyin haɗawa

Hanya ta farko ita ce kowa ya koma manhaja ɗaya da rumbun bayanai ɗaya, kowane laburare ya zama kamar reshe. Haka ɗakunan karatun jama'a na jihar Jojiya a Amurka suka yi a tsarinsu na PINES, wanda dominsa aka ƙirƙiro manhajar Evergreen a 2006, kati ɗaya yana aiki ko'ina. Mai nema yana ganin halin da kwafi ke ciki nan take, kuma ƙaramin laburare ba ya buƙatar nasa injiniya. Kuɗin da ake biya shi ne 'yanci: kowa ya bi doka ɗaya, kuma idan uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan, ta faɗi, kowa ya faɗi tare. Jami'a mai majalisar gudanarwarta da wuya ta miƙa rajistar ɗalibanta ga rumbun da ba ita ke riƙe da shi ba.

Ta biyu, kowa ya zauna da nasa, shafin nema ya riƙa aika tambaya ga kowane laburare a lokaci guda ta hanyar ƙa'idar Z39.50 ko SRU, ya tattaro amsa. Ba wanda ya rasa iko, amma sai duk injinan suna kunne. Wurin da aka ɗauke wuta ba sola, kayansa sun ɓace daga sakamakon, mai nema kuma zai ɗauka babu littafin.

Ta uku tsaka-tsaki ce: kowa yana da nasa, amma a kwafo bayanan kullum dare ko kowane mako zuwa katalog na tsakiya, a tace su a can. Ko da injin wani ya mutu, bayanansa suna nan. Rauninta shi ne labarin aro yana iya zama na jiya. OhioLINK, haɗakar manyan makarantun Ohayo, katalog na tsakiya take da shi, kuma tana musayar aro da SearchOhio ta ɗakunan karatun jama'a, ba tare da ɗaya ta haɗiye ɗaya ba. Idan aka dubi yanayin wuta da rarrabuwar hukumomi a Kano, abin da ya fi yiwuwa shi ne gauraye: laburaren jiha da rassansa su hau rumbu ɗaya, manyan makarantu su riƙe nasu, a haɗu a tsakiya.

An ga littafin, sai me?

A nan ne saɓanin gaske yake. Laburaren jami'a yana cewa littattafansa an saya ne don ɗalibai da malamai, hukumomin tantance kwasa-kwasai suna zuwa su ƙirga su, kuma yana da hanyar karɓo littafi daga ɗalibi, tunda ba zai samu takardar sallama ba sai ya mayar. Baƙo daga gari ba shi da wannan igiya. Ga mujallun intanet da aka biya wa kuɗi, lasisinsu ya taƙaita su ga 'yan makarantar, ko an so ba za a iya buɗe wa kowa ba. Laburaren jama'a kuma yana cewa duka da dukiyar al'umma aka saya, kuma ɗaliban manyan makarantu suna cika kujerunsa lokacin jarrabawa ba tare da an tambaye su daga ina suke ba. Katalog ɗin da ke nuna wa mutum abin da ba zai iya taɓawa ba, a ganinsu, takaici kawai yake ƙarawa.

Tsakanin buɗe ƙofa gaba ɗaya da rufe ta akwai matakai. Ana iya ba baƙo izinin karantawa a ciki da takardar gabatarwa daga laburarensa, al'adar da dama jami'o'i suka saba da ita a tsakaninsu. Ana iya yin aro tsakanin laburare da laburare, inda hukumar da ta karɓa ita ke ɗaukar nauyin asara, ba a bi mutum ba. Ana iya ware abin da ba ya fita ko kaɗan, kamar kwafi ɗaya tilo da rubutun hannu da littattafan da ake rububinsu a zangon karatu. Duk wanda aka zaɓa, wajibi ne katalog ya rubuta shi ƙarara a gaban kowane kwafi: wannan na aro ne, wannan na karatu a ciki ne, wannan sai ɗan makaranta.

Kuɗi, riƙo da sirri

Koha kyauta ce, amma uwar garke da intanet da sola da albashin mai kula da su ba kyauta ba ne, kuma kuɗin shekara-shekara ne, ba na ranar buɗewa ba. Raba shi daidai-wa-daida yana danne ƙanana. Raba shi bisa girma yana sa babba ya nemi ƙuri'a mafi nauyi. Aikin da ya fi cin lokaci shi ne bin kanta da hannu a tabbatar abin da ke rubuce yana nan, domin katalog da ya tura mutum daga Rijiyar Zaki zuwa Nassarawa neman littafin da ya ɓace tun tuni, ba zai sake samun amincewarsa ba. Bayanan masu aro kuma, sunansu da lambar wayarsu da abin da suka karanta, suna ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta 2023. Katalog na tsakiya ba ya buƙatarsu; sai an zo aro tsakanin hukumomi ne za a yi yarjejeniyar abin da za a nuna wa juna.

Wa zai ji a jikinsa

Ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu shi ne zai fara amfana, domin zai san inda zai dosa kafin ya biya kuɗin mota, kuma idan an shigar da kundayen digiri zai ga ko an riga an yi batun da ya zaɓa a wata makarantar. Wasu malamai na fargabar hakan zai sauƙaƙa satar aiki. Wasu na ganin akasin haka, tunda mai duba aikin ma zai iya nemowa ya kwatanta. Malamin sakandare da wanda ya gama makaranta yana shirin wata jarrabawa, waɗanda ba su da katin kowace jami'a, amfaninsu ya rataya kacokan a kan dokar shiga da aro. Matar da fita ke yi mata wuya za ta iya dubawa a waya ta aika a karɓo mata, in dokar ta yarda da wakili, kuma in shafin mara nauyi ne da ba ya cinye data.

Marubucin Hausa zai samu shaidar cewa littafinsa yana nan a ajiye, da sunansa yadda yake so a rubuta, abin da zai iya ƙarfafa masa gwiwar kai kwafi da neman ISBN. Masu sayen littattafai na hukumomi za su ga abin da maƙwabci ke da shi kafin su kashe kuɗi a kan mai tsada. Ma'aikatan katalog kuwa aikinsu zai ragu a kan littattafan waje, ya ƙaru a kan na gida, kuma kuskuren kowa zai fito fili, abin da ke sa wasu ɗari-ɗari. Sashen Nazarin Laburare na Jami'ar Bayero da reshen jiha na Ƙungiyar Ma'aikatan Laburare ta Najeriya su ne wuraren da horon bai-ɗaya zai fi sauƙin fitowa.

Akwai gwaji mai sauƙi da kowace hukuma za ta iya yi kafin a sa hannu a takarda, a kuma maimaita shi duk zango. A zaɓi littattafai kaɗan daga kowane rukuni, na kimiyya da hikayar Hausa da fiƙihu da ajami da kundin digiri, a ba mutanen da ba ma'aikata ba su nema a wayoyinsu yadda suka saba rubutu. A ƙirga nawa suka fito, nawa suka fito fiye da sau ɗaya, sannan a tura mutum zuwa kantar littattafan ya duba nawa ne suke inda katalog ya ce suna nan.